Tambaya da Amsa: Kamun Kifin Teku Daga Gaɓa da Yadda Ake Sarrafa Shi

Tambayoyin wannan makon yawancinsu daga 'yan'uwanmu mazauna bakin teku suka fito, Akra da Legas da Lome da Kwatano. Mun haɗe waɗanda suka yi kama da juna.

Tambaya: Na tashi a bakin kogi a ƙasar Yawuri, na iya fatsa tun ina yaro. Yanzu aiki ya kawo ni Akra, sau huɗu ina zuwa bakin teku da ƙugiyata ina dawowa hannu rabbana. Ina kuskuren yake?

Amsa: Malam, hannunka lafiya lau, lokacin ne ba ka sani ba tukuna. Kogi yakan cika da damina ya janye da rani, shi kuwa teku sau biyu yake cika, sau biyu yake janyewa a kowace kwana ɗaya. Tsakanin cika da cika awa 12 ne da minti 25, saboda haka cikar gobe takan makara da kamar minti 50 a kan ta yau. Idan yau ya cika ƙarfe shida na yamma, gobe sai wajen bakwai saura minti goma. Kifi yana biyo ruwan da ke hawa, domin ruwan yana tono ƙaguwa da tsutsa da jatan lande daga cikin yashi. Ka isa gaɓa saura awa biyu ko uku ruwa ya gama cika, ka tsaya har awa ɗaya bayan ya fara komawa. In wannan lokaci ya dace da asuba ko faɗuwar rana, to ka samu biyu a ɗaya. Da tsakar rana, ruwa a janye, sai dai ka wanke ƙugiya.

Lissafin watan Musulunci zai taimake ka fiye da kalandar bango, domin wata ne ke jan ruwan. Cika mafi girma tana zuwa ne a kwanakin farko bayan tsayuwar wata, da kuma kwana ɗaya ko biyu bayan wata ya cika sha huɗu. Wajen bakwai da takwas ga wata, da ashirin da biyu zuwa da uku, ruwan ba ya hawa sosai, ba ya sauka sosai.

Abu na biyu, wuri. Sabon zuwa yakan ɗauka sai ya cilla ƙugiya nesa, alhali kifin sau da yawa yana nan kusa, mita 20 zuwa 50 daga ƙafarka. Ka je wata rana ruwa a janye, ba tare da kayan kamu ba, ka tsaya kan tudu ka zuba ido. Inda igiyar ruwa ke karyewa ta yi farin kumfa can ciki, tudun yashi ne a ƙasa. Tsakanin wannan tudu da gaɓa za ka ga wani zirin ruwa mai duhu wanda bai cika kumfa ba. Kwari ne, nan kifi ke bi yana kiwo, nan za ka jefa. In ka ga inda layin kumfar ya yanke ya bar ƙofa, ta nan kifi ke shigowa. Ka jefa gefen ƙofar. Bakin kogi inda ya haɗu da teku, kamar garin Ada inda kogin Volta ya faɗa, ya fi ko'ina albarka. Amma ka nisanci bakin tafkin Korle a tsakiyar Akra da duk inda lambatun gari ke zuba, kifin wurin ba na kai wa iyali ba ne.

Sannan ka tambayi masuntan wurin kafin ka fara. A yawancin garuruwan gaɓar Ghana ba a shiga teku ranar Talata, al'ada ce mai ƙarfi, kuma kowane masauki yana da shugaban masunta, kamar sarkin ruwa a wajenmu. Gaisuwa ɗaya gare shi ta fi ƙugiya goma.

Tambaya: Waɗanne kaya zan saya? Kuɗina ba su da yawa.

Amsa: In za ka iya, sanda mai tsawon mita 3.6 zuwa 4.2. Amfanin tsawon shi ne ya ɗaga zare sama da igiyar ruwa, kada kowace igiya ta riƙa jawo maka dalmar da ke nutsar da ƙugiya gaɓa. Injin naɗi mai ɗaukar zare mita 200 ko fiye, zaren roba mai kaurin milimita 0.35 zuwa 0.40. A bakinsa ka ƙulla wani zaren mai kauri, 0.60 zuwa 0.70, tsawon mita takwas ko goma. Wannan shi ke ɗaukar wahalar cillawa. Wanda ya tsallake shi, wata rana zare zai tsinke a tsakiyar jifa, dalma ta tafi kamar harsashi, kuma bakin teku ba ya rabuwa da yara.

Dalma gram 100 zuwa 150, mai kusurwoyi kamar dala, don ta nutse cikin yashi ta riƙe. Mai zagaye mirginawa take yi, cikin minti biyu sai ka gan ta a ƙafarka. Ɗaurin kuwa mai sauƙi ne: dalma a can ƙarshe, ƙugiya biyu a samanta, kowacce a kan reshen zare na santimita 25 zuwa 30, tsakanin reshe da reshe santimita 60 ko fiye don kada su sarƙe. Ƙugiya lamba 1/0 ko 2/0 ta isa yawancin kifin gaɓa, 4/0 in kana neman manya. Ƙaramar ƙugiya tana kama babban kifi, babba ba ta kama ƙarami, don haka in kana shakka ka ɗauki ƙaramar.

Ba sanda? Ka naɗe zare mai kaurin 0.60 a jikin gorar roba, ka wulwula dalma ka saki, gorar tana kallon teku, zaren ya warware da kansa. Amma kada ka taɓa naɗa zare a yatsa ko a hannu. Kifi mai kilo biyar in ya fizga, zaren yana yanka har ƙashi.

Tana, wadda ka saba da ita a kogi, ruwan gishiri yana kashe ta nan da nan ta yi fari. Ka nemi ɗanyen jatan lande, ko yankan shawa (ƙaramin kifin teku irin sardin), ko ƙananan ƙaguwar da ke gudu kan yashi. Shawa tana da mai da ƙamshin da ke kiran kifi, sai dai namanta ruɓus yake, yakan fice tun a sama. Ka barbaɗa wa yankan gishiri tun dare ya yi tauri, ka soke ƙugiya ta cikin fata, ka naɗe da siririn zaren roba mai talewa, ka bar tsinin ƙugiyar a waje. Duk minti 15 ka jawo ka duba, domin ƙaguwa gwanayen sata ne. Bayan an tashi, a wanke inji da ƙugiyoyi da ruwan famfo, in ba haka ba mako guda ya isa tsatsa ta cinye su.

Tambaya: Wane irin kifi ake samu, kuma wanne ne ba a ci? Mu sunayen na kogi muka sani.

Amsa: Wanda aka fi samu a gaɓar yashi shi ne wanda 'yan Legas ke kira kuroka, 'yan Ghana kuma su ce masa kifin rogo: dogo, mai ruwan azurfa, farin nama, ƙaya kaɗan. Akwai mai dogayen zaruruwa a ƙarƙashin wuya wanda a Lome da Kwatano ake kira kaftin. 'Yan Nijar kada sunan ya ruɗe ku, a Yamai giwan ruwa ake kira haka, wannan kuwa wani kifi ne daban. Akwai tarwaɗar teku mai gashin baki, da faffaɗan kifin nan mai ido biyu a gefe ɗaya. Titus da ke cikin firjin kasuwa kuwa daga tekuna masu sanyi ake shigo da shi a daskare, kada ka jira shi a ƙugiyarka.

Uku ne abin kiyayewa. Na farko talibamban, mai kumbura ciki in an taɓa shi. Na teku yana iya ɗauke da dafi a hanta da ƙwai da hanji, wani har a fata da nama, kuma dahuwa ba ta kashe dafin. Yana farawa da mutuwar leɓe da harshe, ya kai ga numfashi ya tsaya. Wasu mutanen gaɓa suna ci, ba mu ba ka shawarar ka koya a kan iyalinka ba. Mayar da shi ruwa. Na biyu, faffaɗan kifi mai kama da faifai da doguwar wutsiya kamar bulala. Ana cin namansa, amma a wutsiyar akwai ƙaya mai haƙora da dafi. Tarwaɗar teku ma tana da irin wannan ƙaya uku, ɗaya a baya, biyu a gefe, kuma suna suka ko bayan ta mutu. Ka danne kifin da sanda, ka karye ƙayoyin da filaya kafin ka sa hannu. In an soki mutum, a tsoma wurin cikin ruwan zafi iyakar yadda fata za ta jure, kada ya wuce digiri 45, na minti 30 zuwa 90, sannan a tafi asibiti a duba ko guntun ƙaya ya karye a ciki, a yi allurar tetanus. Na uku, barakuda, dogo mai haƙoran kare. Ƙanana ba laifi. Manya ƙwarai, musamman na wuraren murjani irin Bahar Maliya, suna iya tara wani dafi da wuta ba ta kashewa, mai sa mutum ya taɓa ruwan sanyi ya ji kamar ya ƙone. Masu karatunmu na Port Sudan da Jidda su lura da wannan, kuma kowa ya bar cin kai da hanta da ƙwan babbar barakuda.

Tambaya: Na ga mutane da yawa suna jan igiya a bakin teku suna waƙa. Baƙo zai iya shiga?

Amsa: Taru ne. Jirgi yakan bar bakin igiya ɗaya a gaɓa, ya zagaya da ragar cikin ruwa kamar baka, ya dawo da ɗaya bakin can gaba, sai rukuni biyu su yi ta ja suna matsowa kusa da juna har jakar tsakiya ta fito. Yakan ci awoyi. Mutanen Anlo na yankin Keta a Ghana sun shahara da shi, kuma za ka gan su har Togo da Benin da Badagry. Akan bar baƙo ya kama igiya in ya nemi izini, a ƙarshe a ɗan ba shi na miya. Ka kama daga baya inda ƙasa ta bushe, kada ka naɗa igiyar a jikinka. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan gaɓar Ghana yakan yi sanyi, shawa ta yawaita, amma a wasu shekarun baya-bayan nan gwamnati ta rufe kamun jiragen kwale-kwale a watan Yuli, sai ka tambaya.

Tambaya: Na iya iyo sosai a kogi. Zan iya shiga ruwa zuwa ƙugu don jifana ya yi nisa?

Amsa: A'a. Gaɓar Legas da Lome da Akra tana da gangara, igiyar da ke komawa tana kwashe yashin ƙarƙashin ƙafa. Wannan ƙofar da muka ce kifi na shigowa ta cikinta, ta nan ruwa ke komawa ciki da gudun da ya fi na gwanin iyo, kuma ita ce ta fi kama da wuri mai lafiya don ba kumfa. Ka tsaya iya idon sawu, kada ka ba teku baya, kada ka je kai kaɗai da dare. In ta ja mutum, kada ya yi kokawa da ita yana nufo gaɓa. Ya yi iyo a gicciye, yana bin tsawon gaɓar, har ya fita daga zirin, sannan ya juyo.

Tambaya: Maigidana ya kawo kifi daga bakin teku, na soya shi sosai, amma bayan minti kaɗan fuskokinmu suka yi ja, kai na sara, jiki na ƙaiƙayi. Kifin bai yi wari ba. Me ya faru?

Amsa: Hajiya, sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Alamun da kika faɗa sun yi kama da gubar histamin. Kifi mai jan nama da mai, irin su tuna, titus, kote da shawa, in ya daɗe cikin zafi bayan kamu, ƙwayoyin cuta sukan juya wani sinadari na namansa ya zama histamin. Da zarar ya samu, suya ko banda ko daskarewa ba sa cire shi, kuma ba lallai kifin ya yi wari ba. Wani lokaci akan ji ɗan yaji-yaji a harshe alhali ba a sa barkono ba. Yawanci yakan lafa cikin awoyi, maganin ƙaiƙayi na antihistamin yana taimakawa, amma in numfashi ya yi wuya ko fuska ta kumbura, asibiti nan take.

Gyaran daga wajen maigida zai fara, tun a gaɓa. Kifi na fitowa a buge shi a ka da sanda, kada a bar shi yana birgima kan yashi mai zafi. A yanka ƙarƙashin kumatu jini ya tsiyaye cikin bokitin ruwan teku na minti biyar. A farke ciki, a cire hanji da jan soson da yake numfashi da shi, a kankare baƙin jinin da ke kwance jikin ƙashin baya da farce ko cokali. Sannan ƙanƙara: kilo ɗaya ga kilo ɗaya na kifi a irin zafin ƙasashenmu, a dandaƙa ta, shimfiɗa a ƙasa, a cusa a cikin kifin, a rufe sama. Leda baƙa a rana ita ce mafi muni. In babu ƙanƙara, a nannaɗe da jiƙaƙƙen buhun algarara a inuwa, a dawo gida cikin awa biyu a ɗora a wuta. In saye za ki yi, ki ɗaga murfin kumatu: ja jawur ake so, ba ruwan ƙasa mai yauƙi ba. Ido a bulluƙe garau, nama in kin danna ya dawo.

Tambaya: Na tsinci manyan kifaye matattu da ruwa ya turo gaɓa. An ce mushen teku halal ne.

Amsa: Haka ne, hadisin yana cikin Muwaɗɗa: teku ruwansa mai tsarki ne, mushensa halal ne. Amma halaccin yanka daban, lafiyar nama daban. Ba ka san yaushe ya mutu ba, ba ka san abin da ya kashe shi ba. A watan Afrilun 2021 kifaye da yawa sun fito matattu a gaɓar Osu a Akra, hukumomi suka yi ta gargaɗi kada a ci, kada a sayar. Bar shi.

Tambaya: Kifin teku ƙarni ya yi masa yawa, kuma in na gasa sai ya manne da waya, in na yi farfesu ya dagargaje.

Amsa: Sabon kifin teku ƙamshin ruwan gishiri kawai yake yi. Ƙarnin yana zuwa ne da daɗewa, kuma tsami na karya shi. Ki wanke da ruwan sanyi, ki goga lemon tsami da gishiri, ki ɗauraye bayan minti goma. Kada ki zuba masa ruwan zafi yadda ake yi wa tarwaɗa don cire yauƙi. Fatar kifi mai ɓawo za ta saluɓe. Kada kuma ya kwana cikin lemon, fiye da rabin awa tsamin yakan fara dafa naman ya yi fari ya yi ruɓus.

Ga gashi, a kifi mai kilo ɗaya: ki kankare ɓawo, ki tsane shi da tsumma mai tsabta har ya bushe, ki tsaga kowane gefe sau uku ko huɗu zuwa ƙashi. Ki daka attarugu uku, tafarnuwa huɗu, ɗanyar citta kamar babban yatsa, rabin albasa, ɗan masoro, gishiri cokalin shayi biyu, ki kwaɓa da man gyaɗa cokali uku. Ki cusa cikin tsagar da cikin kifin, ya huta minti 20. Gawayi sai ya daina harshe ya yi farin toka. Waya ta yi nisan santimita 10 zuwa 15 daga garwashi, ta yi zafi tukuna, a goge ta, a shafa mata mai da rabin albasa. Mannewa daga abu uku take zuwa: waya mai sanyi, fata mai ruwa, da gaggawar juyawa. Ki ɗora ki ƙyale shi. In fatar ta gasu da kanta take sakin waya. Juyi ɗaya ya isa. Awon lokaci shi ne kamar minti goma ga kowane santimita biyu da rabi na kaurin kifin, gefe biyun a haɗe. Ki soka wuƙa kusa da ƙashin baya, in naman ya yi fari ya rabu da ƙashi, ya nuna. Yajin ƙuli a ƙarshe ake barbaɗa shi, in an sa da wuri gyaɗar ƙonewa take ta yi ɗaci.

Farfesu kuwa ba nama ba ne da za a bar shi yana tafasa. Ki dafa romon shi kaɗai, da albasa, attarugu, citta, kimba guda biyu a fashe, daddawa kaɗan, na minti 15 har ya haɗu. Sannan ki jera yankan kifi masu kaurin yatsa uku, ruwan ya ɗan rufe su, ki rage wuta. Minti 10 zuwa 12. Ludayi kada ya shiga, in kina son juyawa ki kama kunnuwan tukunya ki girgiza. In an barbaɗa wa yankan gishiri minti 20 kafin a sa, naman yakan ƙara riƙe kansa. Kuroka da tarwaɗar teku sun fi dacewa da romo. Shawa mai yawan ƙaya ce, ta fi kyau a soya ta ƙayau a mai mai zafi, kaɗan-kaɗan don kada man ya huce, a ci da dokunu (tuwon masara mai tsami) da shito (soyayyen yaji) kamar yadda ake yi a zangunan Ghana.

Tambaya: Ina son in kai wa iyayena tsarabar kifin teku daga Legas zuwa Kano a mota. Ƙanƙara ko banda?

Amsa: Banda. Tafiyar kusan kilomita dubu ce, in mota ta lalace a hanya ƙanƙara ta zama ruwa. Amma banda iri biyu ce. Ta awa ɗaya zuwa uku, wadda kifi ke fitowa da laushi, ba ta wuce kwana ɗaya zuwa uku. Ta tafiya ita ce ta awa 10 zuwa 18, har kifin ya bushe ƙamas, in ka ƙwanƙwasa ya yi ƙara. Wannan tana yin watanni in an adana da kyau.

Ka gyara kifin, manya ka tsaga su biyu ko ka yanka gunduwa. Ka jiƙa cikin ruwan gishiri, gram 100 a lita ɗaya, minti 20 ga ƙanana, har awa ɗaya ga manya. Ka shanya a kan waya a inuwa mai iska kamar awa ɗaya, fata ta daina ɗiga; kifi mai ruwa toka da baƙin hayaƙi yake kwasa. Awa biyun farko wuta mai ɗan ƙarfi don ya dahu, amma ba mai harshe ba, in ba haka ba waje ya ƙone ya rufe, ciki ya zauna ɗanye ya ruɓe daga baya. Bayan nan ka rage, ka bar garwashi da hayaƙi, kana juyawa kana sauya matsayin wayoyi, na ƙasa ya koma sama. Wannan tsarin jera faifan waya a kan murhun ƙasa shi ne murhun Chorkor, wanda aka ƙirƙira a Ghana a 1969, aka sa masa sunan unguwar masunta a Akra. Itace mai tauri ake so. Ɓawon kwakwa ko tukar rake a ƙarshe suna ba da launin zinariya. Katako mai fenti, roba, taya da leda ba sa kusantar murhu, kuma kada a fesa wa kifi maganin ƙwari ko kaɗan.

Ka bar shi ya huce sarai kafin ka tattara. Kwando ko kwali da takarda za ka sa, ba leda ba, domin leda tana tara gumi, fumfuna ta fito kafin ka wuce Kaduna. In an isa, duk mako biyu ko uku a ɗora shi a kan garwashi na awa ɗaya, musamman da damina.